Yoga motsa jiki ce ko ibada? Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya

Wata 'yar'uwa ta rubuto tana cewa ciwon baya ya matsa mata tun bayan haihuwarta ta uku, wata ma'aikaciyar asibiti kuma ta ba ta shawarar ta gwada yoga. Da ta buɗe YouTube don ta koya, sai ta ga malamar ta haɗa tafukan hannu a ƙirji, ta rufe ido, tana jan wata kalma da dogon sauti kafin a fara. Gabanta ya faɗi, ta kashe wayar. Tana so ta san mece ce yoga a asalinta, kuma me masu ita suke nema da ita ta fuskar ruhi.

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya zuri'a. Faɗuwar gabanki tana da dalili, ita ma ma'aikaciyar asibitin ba ta yaudare ki ba. Abubuwa biyu ne suke amsa suna ɗaya, shi ya sa. Akwai tsohuwar hanyar horon zuciya da Indiyawa suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna bi, akwai kuma atisayen lanƙwasa jiki da ya samu siffarsa ta yanzu cikin shekara ɗarin da ta wuce. Na biyun daga na farkon ya tsiro, kuma har yau da sauran jijiya tsakaninsu. Tunda ainihin manufa kika tambaya, a kan na farkon zan fi tsayawa.

Ba a gane magani sai an san cutar da aka yi shi dominta. Addinan da suka tsiro a ƙasar Indiya, wato Hindu da Buda da Jain, sun saɓa a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: a ganinsu mutum ba sau ɗaya yake rayuwa ba. Yana mutuwa a sake haihuwarsa, a jikin mutum ko na dabba, gwargwadon abin da ya aikata a baya. Sakamakon aikin shi suke kira karma, zagayen mutuwa da haihuwar kuma samsara. Wanda bai saba da wannan tunani ba yana iya ɗauka gata ne a ce za ka dawo duniya. Su a wurinsu kurkuku ne: a sake yarinta, a sake tsufa, a sake binne waɗanda ake ƙauna, ba ranar ƙarewa. Babban burin mai neman tsira shi ne ya fita daga zagayen gaba ɗaya, fitar da suke kira moksha. To yoga hanyar wannan fita ce. Duk bayanin da ya tsallake wannan ya yi ta magana a kan lafiyar gwiwa da rage ƙiba, bai taɓo asalin ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan da suka yi bayaninta a fili shi ne Katha Upanishad, wanda aka tsara ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Labarin wani yaro ne mai suna Naciketa da ya isa gidan Yama, wanda suke ɗauka sarkin mutuwa, ya yi kwana uku yana jira ba ci ba sha. Yama ya ce ya zaɓi buƙata uku. A ta uku yaron ya ce a faɗa masa abin da ke samun mutum bayan ya mutu. Yama ya yi ta lallashinsa da dukiya da dawakai da giwaye da tsawon rai don ya janye tambayar, yaron ya ƙi, ya ce duk waɗannan masu ƙarewa ne. A nan ne Yama ya ba shi misalin keken doki: jiki shi ne keken, gaɓɓan ji da gani su ne dawakai, zuciya linzami, hankali mai tuƙi, ainihin mutum kuwa shi ne wanda ke zaune a ciki. Idan mai tuƙi ya yi sake, dawakan su ja keken inda suka ga dama. Littafin ya ce wannan riƙe gaɓɓai da tsayar da su cik shi ake kira yoga. Ki lura, ba a ambaci miƙe ƙafa ko tsayuwa da ka ba.

Wanda ya tattara ilmin ya tsara shi shi ne Patanjali, a littafinsa Yoga Sutra, da masana suke sanya shi wajen shekara ta 400 miladiyya. Gajerun jimloli ne 195, a wasu kofe 196, cikin babi huɗu, an yi su ne don a haddace malami ya warware. A jimla ta biyu ya faɗi abin da yake nufi: yoga ita ce tsayar da kai-komon zuciya. Ta uku ta ce idan an yi haka, sai mai gani ya zauna a ainihin siffarsa.

Wane ne wannan mai gani? Nan ne ƙashin bayan zancen yake. Patanjali ya bi wata makarantar falsafa mai suna Sankhya, wadda ta raba duk abin da ke akwai gida biyu. Gida ɗaya shi ne purusha, tsantsar sani, wanda ba ya aikata komai, ba ya canzawa, kallo kawai yake yi. Ɗaya gidan shi ne prakriti, wato duk wani abu mai motsi da sauyawa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ba jiki kaɗai suka sa a gida na biyu ba, har tunani da fushi da tsoro da tunawa da wannan muryar da ke cewa "ni ce wance" duk a can suke. Wahalar ɗan Adam, in ji su, ta samo asali ne daga ruɗewa: mai kallo ya ɗauka shi ne abin da yake kallo. Baƙin ciki ya taso, sai ya ce ni ne baƙin cikin nan. Ki ɗebo ruwa daga rafi da damina ki zuba a tulu, jajir za ki gan shi. Ba za ki iya tsince lakar da hannu ba, duk sanda kika tsoma hannu ƙara dama shi kike yi. In kika bar shi ya kwana, lakar ta kwanta da kanta, har ki hango gindin tulun. Haka suke kallon zuciya, kuma dukkan horon yoga dabara ce ta daina dama ruwan.

Patanjali ya lissafa abubuwa biyar da ke dama ruwan: jahilcin ainihin kai, wanda shi ne uwar sauran, sai jin kai, wato "ni", sai kwaɗayin abin da ya taɓa yi wa mutum daɗi, da ƙin abin da ya taɓa cutar da shi, da manne wa rayuwa don tsoron mutuwa, wanda ya ce ko masu ilmi bai bar su ba. Na daɗe ina karantar da wannan sashe, kuma har yau ina ganin samun wanda ya zayyana halin zuciyar ɗan Adam cikin kalmomi kaɗan irin haka sai an tona. Ko wanda bai yarda da aƙidarsa ba zai ga kansa a ciki.

Maganin da ya bayar matakai takwas ne, kuma yadda ya jera su shi ne amsar rabin tambayarki. Bai fara da jiki ba, da hali ya fara: kada ka cutar da mai rai, kada ka yi ƙarya, kada ka yi sata, ka kame daga sha'awa, kada ka tara abin da ba ka buƙata. Sai mataki na biyu, abin da mutum zai ɗora wa kansa: tsabta, wadatar zuci, juriyar wahalar horo, karatun littattafansu masu tsarki, da miƙa wuya ga Ishwara, wato ubangiji a fahimtarsu. Sai a na uku aka zo kan jiki, wanda suke kira asana, kuma jimla uku kacal ya ba shi a duk littafin. Abin da ya ce shi ne zaman ya kasance tabbatacce, mai sauƙi. Tsohon sharhin littafin ya ambaci siffofi kimanin goma sha biyu, kuma na zama ne, irin harɗe ƙafafu da kike gani dattawa masu dogon gemu suna yi a bakin kogi a finafinan Indiya. Amfanin zaman shi ne jiki ya yi shiru ya daina neman a kula shi. Bayansa sai sarrafa numfashi, sai janye gaɓɓai daga abin da ke waje, sai tsayar da zuciya a kan abu guda, sai ɗorewar wannan tsayuwa ba yankewa, sai na ƙarshe, samadhi, inda mai tunani yake ɓacewa cikin abin da yake tunani a kai har ba ya jin kansa.

Ko wannan ba nan ne ƙarshe ba. Babi na uku na littafin cike yake da abubuwan ban mamaki da ya ce mai horo zai iya samu, kamar sanin abin da ke zuciyar wani, da tuna rayuwar da ya yi a baya, da ƙarfin giwa. Sai kuma ya gargaɗi almajiri cewa waɗannan cikas ne ga wanda ke neman samadhi. Inda ake so a kai shi ne kaivalya, keɓewa: mai gani ya rabu da abin gani har abada, ba sauran haihuwa.

Za ki ji ana yawan cewa manufar yoga ita ce haɗuwa da Ubangiji. Wannan gaskiya ne a wurin wasu, ba duka ba. A wurin Patanjali rabuwa ake nema, Ishwara kuma ba mahaliccin sammai da ƙassai ba ne kamar yadda muka san Allah. Wani purusha ne na musamman da wahala da karma ba su taɓa shafarsa ba, kuma ya ce alamarsa ita ce sautin Om, a riƙa maimaita shi ana tunanin ma'anarsa. Wannan ita ce kalmar da kika ji malamar nan tana ja. Masu bin makarantar Vedanta ta Shankara suna cewa a ƙarshe mutum zai gane ruhinsa da Brahman, gaskiyar da ke ƙarƙashin komai, abu ɗaya ne. Mabiya Buda suna zama irin wannan zaman, suna lura da numfashi, amma su suna cewa babu ma wani ruhi dawwamamme da za a gano. Hanyoyin sun yi kama, masauki ya bambanta.

Amma talakan Indiya ba daga Patanjali ya fi sanin yoga ba, daga Bhagavad Gita ya san ta, waƙa mai baiti 700 cikin babi 18 da ke tsakiyar babban labarinsu na Mahabharata. Jarumi Arjuna ne a filin daga na Kurukshetra, an ja daga, ya duba ɗaya ɓangaren ya ga kakansa da malaminsa da 'yan'uwansa. Jikinsa ya mutu, baka ya suɓuce daga hannunsa, ya zauna ya ce ba zai yi yaƙin ba. Mai tuƙa masa keken doki shi ne Krishna, wanda Hindu suke bauta wa a matsayin ubangiji da ya zo a siffar mutum. Abin da ya koya masa ya buɗe ƙofar yoga ga wanda ba zai iya barin iyali ya shiga daji ba. Ya ce aiki naka ne, sakamakonsa ba naka ba ne, ka yi abin da ya hau kanka ba tare da zuciyarka ta rataya ga nasara ko faɗuwa ba, wannan daidaiton zuciya shi ne yoga. Ya ce ba ta mai cika ciki ba ce, ba kuma ta mai ƙin ci gaba ɗaya ba, ba ta mai yawan barci ba ce, ba ta mai hana ido barci ba. Arjuna ya yi ƙorafin da duk wanda ya taɓa gwada natsuwa zai yi, ya ce zuciya ba ta zama wuri ɗaya, kama ta kamar kama iska ne. Krishna bai musa ba, ya ce da naci da rage kwaɗayi ake kama ta. Sai dai littafin bai tsaya nan ba. Ya ce mafificin masu yoga shi ne wanda ya ba Krishna zuciyarsa yana bauta masa da imani. Wannan reshe, da suke kira bhakti, ibada ce tsantsa, masu yin ta ma ba sa ɓoyewa.

Lanƙwasa jiki ya fara samun gurbi ne da zuwan hatha yoga, wadda littattafanta suka fara bayyana wajen ƙarni na 11, ta kuma bunƙasa a hannun 'yan ɗariƙar Nath, mabiya Gorakhnath. Su suna ganin akwai wasu hanyoyi na ɓoye a jiki da iskar rai ke bi, da wani ƙarfi mai suna kundalini da ke naɗe kamar maciji a ƙasan gadon baya, wanda ake so a tayar ya hau har ƙoƙon kai. Kin ga mai yin wannan horo zaune da asuba, bayansa a miƙe, ya toshe hancin dama da babban yatsa ya ja iska ta hagu a hankali, ya riƙe, ya saki ta dama, sannan ya juya. A idonki numfashi yake yi, a zuciyarsa hanyar wata da hanyar rana yake sharewa don iskar ta shiga hanyar tsakiya. Shahararren littafinsu na ƙarni na 15, Hatha Yoga Pradipika, siffofin jiki 15 kawai ya bayyana, kuma tun a farkonsa ya ce duk wannan tsani ne zuwa ga horon zuciya.

Musulmi ba yau suka fara cin karo da wannan ilmi ba. Abu Raihan Albiruni, wanda ya zauna a ƙarƙashin Sarki Mahmud na Gazna, ya koyi Sanskirit, harshen tsofaffin littattafan Hindu, ya mayar da littafin Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya rubuta babban littafinsa a kan Indiya. Ya bayyana aƙidarsu kamar yadda suke faɗinta, ya nuna inda take kama da maganganun wasu sufaye, bai kuma bar addininsa ba. A ƙarni na 16 wani shehin ɗariƙar Shattariyya, Muhammad Gaus na Gwaliyar, ya fitar da Bahrul Hayat da Farisanci, mai bayanin zama da numfashin masu yoga. Ina ambaton wannan ne don ki san karanta abu da fahimtarsa ba shi ne bin sa ba. Amma ban yarda da masu cewa yoga da zikiri ko halwa duk abu ɗaya ne ba. Zaman shiru da maimaita kalma sun yi kama a ido. Sai dai Musulmi, haka ma Kirista, ya yi imani rayuwa ɗaya ce, bayanta hisabi, bawa yana nan bawa, Ubangiji yana nan Ubangiji, ba kuɓuta daga sake haihuwa yake nema ba domin bai yarda da ita ba tun farko. Girmama Indiyawa ma ya ƙunshi a bar musu abinsu da ma'anar da suka ba shi.

Abin da kika gani a waya kuwa tarihinsa gajere ne. Wani malamin Hindu, Swami Vivekananda, ya yi jawabi a taron addinai na Shikago ta Amurka a 1893, ya fitar da littafi a kan tafarkin Patanjali a 1896, kuma shi kansa bai ba lanƙwasa jiki muhimmanci ba. A shekarun 1930 ne wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya ya riƙa koyar da samari a fadar sarkin Maisur da ke kudancin Indiya wani salo mai sauri da tsalle, a zamanin da wasannin motsa jiki irin na Turawa suka cika Indiya. Almajiransa, irin su Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi, su suka kai shi Turai da Amurka. Littafin Iyengar na 1966 siffofi kimanin 200 ya nuna da hotuna, ki gwada da jimla ukun Patanjali. A Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi, ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya. Akwai Hindu da dama da ke jin zafin yadda aka raba ta da tushenta aka mai da ita haja.

Saboda haka ajin yoga na yau yana iya zama miƙe jijiyoyi zalla, yana kuma iya ɗauke da guntayen ibada, wani lokaci malamar ma ba ta san asalinsu ba. Wanda ya fi fitowa fili bayan Om shi ne Surya Namaskar, gaisuwar rana: jerin motsi goma sha biyu da ake farawa a tsaye da tafuka a haɗe, a ɗaga hannu sama, a sunkuya, a kai ƙirji da goshi ƙasa, a taso. A wasu makarantu kowane motsi yana da kirarin da ake yi wa rana da ɗaya daga sunayenta, ita kuwa rana abin bauta ce a addinin Hindu. Musulmin Indiya sun daɗe suna ƙin a tilasta wa 'ya'yansu wannan a makarantu.

Hukunci na malaman fiƙihu ne, kuma ki tambayi wanda kika amince da ilminsa. Amma ga yadda wasu suka duba lamarin. Majalisar fatawa ta Maleshiya a Nuwamban 2008 ta hana Musulmi yogar da ta haɗa motsi da rera kalmomin bauta. Majalisar malaman Indunusiya a Janairun 2009 ta rarrabe: mai ɗauke da ibadar Hindu haramun ce, wadda take motsa jiki zalla babu laifi. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. A ɓangaren Kirista, fadar Vatican ta fitar da wasiƙa a 1989 tana jan kunnen mabiyanta kada su ɗauki daɗin natsuwar jiki a matsayin kusanci da Ubangiji.

Game da bayanki, shawarar da aka ba ki tana da tushe. Ƙungiyar likitocin cututtukan ciki ta Amurka a 2017 ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu, tare da atisaye na yau da kullum da wasu hanyoyin. Abin da ke taimakawa shi ne miƙe tsoka, ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, da numfashi a natse, kuma duk waɗannan likitan fisiyo a sashen gashin ƙashi zai koya miki su ba tare da Om ko gaisuwar rana ba. In kin zaɓi shiga aji, ki tambayi malamar tun kafin ki biya kuɗi: ana rera wani abu? Ana gaisuwar rana? Da wace niyya ake rufe ido a ƙarshe? Malamar kirki ba za ta ji haushin tambayar ba. Kuma tunda bayan haihuwa ciwon ya fara, ki bari likita ya duba ki tukuna. Idan ciwon yana sauka har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce miki, kada ki fara kowane irin atisaye, ki je asibiti a ranar.